Kyamarar Katako Daga Dusuman

Ruwan da ya ci unguwar Galtimari a watan Satumba sai da ya kwana tara a shagon Ketura kafin ya janye. Shagon ɗaukar hoto ne, ɗaki guda a jikin gidansu, ta shekara goma sha tara tana aiki a cikinsa. Ranar da ta buɗe ƙofar, laka ta kai mata ƙauri. Kwamfuta ta mutu, injin buga hoto ya mutu, kyamararta ta zamani tana kwance a ƙarƙashin tebur cike da yashi. Hotunan biki da na baftisma da ta tara a kwamfutar duk sun tafi. Waɗanda aka riga aka wanke kuwa sun manne da juna, in ta ɓamɓaro ɗaya sai fuskokin su biyo yatsanta.

A rana ta uku ta kwasar laka ta ci karo da gwangwanin biskit na Malam Justin, marigayin da ya koya mata sana'ar. A ciki akwai negetif irin na da, baƙi da fari, kowanne ya kai faɗin tafin hannu. Har ta ɗaga gwangwanin za ta jefa a shara, sai ta fasa. Ta zuba ruwa mai tsabta a roba, ta ɗauraye su ɗaya bayan ɗaya, ta shanya a igiyar wanki. Da suka bushe ta ɗaga guda a rana. Mutanen ƙauyen su Ketura ne, can kudancin Borno, a tsaye a ƙofar coci, shekara arba'in da suka wuce. Sun fi mutum sittin, amma kowa ana ganin ƙwayar idonsa, har ɗinkin wuyan riga. Ruwan bai taɓa su ba.

Ƙauyen yanzu babu kowa a cikinsa. Tun da rikici ya kore su suka watsu a unguwannin Maiduguri, tsofaffin da suka rage ba su kai ashirin ba, kuma kowace shekara sai an binne biyu ko uku.

Bayan wata biyu, da suka gama gyaran ɗakin kwana, ta faɗa wa mijinta Pindar abin da ke ranta. Malamin firamare ne, ya dawo daga makaranta yana cire takalmi a tsakar gida.

"Kyamara nake so in saya, Malam. Irin ta Malam Justin, babba, wadda ake shiga cikin baƙin mayafi. So nake in ɗauki hoton tsofaffin ƙauyenmu kafin su ƙare."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Kuɗin da take magana a kai ya san su: na janaretan shagon da ta sayar, wanda ya tsira domin yana wurin mai gyara ranar ruwan, da ɗan taimakon da coci ta raba wa waɗanda ambaliya ta shafa.

"Maman Phebe, na ɗauka firiza za ki saya. Ƙanƙara da zoɓo ba sa kwana a garin nan. Ko ki nemi ƙaramar kyamara ki koma biki."

"Na gaji da biki. Ka tsaya tun safe har yamma, amarya ta duba hoton ta ce wayar ƙawarta ta fi ka iyawa. Bayana ma ba zai ƙara ɗaukar wannan tsayuwar ba."

"To wa zai biya ki ki ɗauki tsofaffi?"

"Babu."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ajiye takalmin. "Kuɗinki ne. Amma kada ki tura wa wanda ba ki gani da ido ba."

Ranar Talata ta hau keke napep zuwa Dala, shagon Ejiofor. Ɗan kasuwa ne da ya zo garin tun yana saurayi, yanzu kansa ya yi fari. Duk wani mai hoto a Maiduguri wurinsa yake sayen batir da takarda, kuma duk shagon hoton da ya rufe, wurinsa kayan ke ƙarewa. Ta same shi yana fifita da kwali, babu wuta.

"Maman Phebe, sannu da zuwa. Na ji abin da ya faru da shago. Allah ya mayar."

"Amin, Oga. Mun gode Allah da rai."

Da ta faɗa masa abin da take nema, ya yi dariya har da tari. Amma ya tashi ya shiga ciki, ya daɗe yana ture kwalaye, ya fito rungume da wata kyamara ta ƙarfe, fara sol, tana zaune a kan doguwar sanda kamar layin jirgin ƙasa. Zugazuginta, wato baƙar fatar nan mai naɗewa da ke tsakanin gaba da baya, sabo ne fil. Ya hure ƙurar ya ajiye ta a kan kanta.

"Wannan ta shagon wani ce da ya koma gida. Ba ta taɓa fita rana ba. Komai nata yana aiki, kuma zan bar miki ita a yadda kika ce kina da shi."

Ketura ta shafa ƙarfen. Ta juya ƙusoshin, komai yana tafiya sumul. Zuciyarta ta kwanta da ita.

"Naɗewa take yi?"

"A'a. Yadda kika gan ta haka take."

"Bari in ɗauka."

Ta rungume ta, ta fita da ita daga shagon, ta bi layin har wurin mai shayi. Ba ta kai ba sai da ƙugunta ya riƙe. Ta tsaya ta jingina da sandar wuta, gumi yana bin wuyanta, mutane suna kallon matar da ta rungumo ƙarfe a tsakiyar rana. Tsofaffin da take son ɗauka suna warwatse ne, wasu a lungunan da keke ba ya shiga, wasu a bayan gari. Ta dawo a hankali ta sauke ta a kanta, ta zauna a benci ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ba zan iya ba, Oga."

Ya miƙo mata ledar ruwa. Sai ya zaro waya ya nuna mata hoton wata, ta jan katako mai ƙyalli, tana naɗewa kamar ƙaramar akwati. Ta mutuminsa ce a Legas. Kuɗinta ya ninka abin da ke hannun Ketura, kuma sai an tura kafin a sa ta a mota.

"Ka taɓa ganinta?"

"A waya, kamar yadda kika gani."

"In ta zo da huji fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Legas da nisa." Ya mayar da wayar aljihu, ya koma fifitarsa. Can ya ce, "Akwai wani tsoho a Dusuman, Ba'ana. Shi ya riƙa ɗaukar hoton 'yan makaranta a garin nan kafin ki fara. Yana da ta katako, da ido biyu, gilashin nan da ake ɗaurawa a gaba. Ɗaya daga cikin idanun mai kyau ne ƙwarai, mai zoben tagulla. Bara mutumina na Legas ya taya idon kaɗai da kuɗi mai kauri, ya fi naki sau uku. Tsohon ya ƙi. Wai ba zai raba ido da jiki ba ya bar akwati makaho a ɗaki. Ki je ki gani. Ni ban ce zai sayar ba."

Ba ta je ba sai bayan kwana shida, domin bayan nata ya kwantar da ita. Ranar Litinin ta sa tocila a jaka, ta hau keke biyu, ta sauka a bakin hanya ta yi tambaya. Aka nuna mata gida mai dalbejiya a ƙofa, bayan gonar albasa. Wata mata mai kamar shekara arba'in ta amsa sallamarta, ta ce ita ce Mu'mina, 'yar Ba'ana. Tsohon yana zaune a tabarma a inuwa, dogo ne ramamme, idanunsa biyu sun yi fari da yana.

"Wushe, wushe," ya gaishe ta da Barbarci, yana juya fuska wajen muryarta. Da ya ji Hausa take yi sai ya koma Hausa, mai nauyin harshen Barebari. "Daga ina, 'yata?"

"Daga Galtimari, Baba. Sunana Ketura. Mai hoto ce ni. Malam Justin ne ya koya mini."

"Justin gajere, mai keken Fonis?"

"Shi."

"Allah sarki. Mun sha faɗa da shi a ƙofar makaranta, kowa yana jan yara wajensa. Ya iya haske, amma ba ya da haƙuri. Ya rasu ko?"

"Shekara shida."

Ya gyaɗa kai. Ya yi wa Mu'mina magana da Barbarci, ta shiga ɗaki ta sauko da wani abu daga saman durowa, naɗe a cikin tsohon zane. Akwati ce ta baƙin katako, gefenta ya goge saboda riƙo, madaurinta igiyar fata ce da aka ƙulla. Ketura ta ɗaga ta da hannu ɗaya. Ba ta fi nauyin kwanon shinkafa ba. Ba'ana ya laluba ya danna wani wuri, gaban ya buɗe, ya jawo zugazugin a hankali. An yi masa faci a wuri uku, ɗaya da fatar dukawa ja.

"Ba kyau gare ta ba," ya ce. "Amma ta je Bama, ta je Dikwa, ta je Baga a bayan babur. Kin zo da tocila?"

Ta yi mamaki. "Na zo da ita, Baba."

"To Justin ya koya miki wani abu. Ku shiga ɗaki."

Mu'mina ta rufe taga da bargo, ta ja ƙofa, ɗakin ya yi duhu da tsakar rana. Ketura ta kunna tocilar ta cusa cikin zugazugin, ta miƙe shi iya tsawonsa. Ƙananan ɗigon haske suka fito a kusurwoyin. Ta bi su da yatsa. Sha ɗaya.

"Nawa?" Ba'ana ya tambaya daga waje.

"Sha ɗaya, Baba."

"Da bakwai ne. Baƙin ƙyalle da gam ɗin masu faci, kwana ɗaya ya bushe. Duba katakon, ko gara ta shiga."

Gara ba ta shiga ba. Ƙusa ɗaya ta gaba tana santsi, sai an danne ta da yatsa. Gidajen fim, waɗanda ake zura fim a ciki a saka a bayan kyamarar, guda uku ne, ɗaya ya lanƙwashe, biyu lafiya. Suka fito da ita waje, suka ɗora a kan ƙafafunta uku na katako. Ba'ana ya sa Mu'mina ta ɗaura ido mai zoben tagulla, ya ce wa Ketura ta shiga. Ta cire gyalenta ta lulluɓe kanta da bayan kyamarar.

Da farko hazo kawai ta gani a gilashin baya. Ta murza ƙusar, sai ga Mu'mina a tsaye kanta a ƙasa, ƙafafunta a sama, dalbejiya tana reto a ƙarƙashinta. Ana ganin kowane zare na lallen hannunta. Ketura ta daɗe a cikin gyalen, ga zafi, ga ƙanshin tsohon katako. Rabon da ta kalli mutum haka a natse, ba wanda ke cewa ta yi sauri, har ta manta.

Suka sauya ido na biyu. Ƙarami ne, gefensa ya yi fumfuna, kuma ƙofar da ke buɗewa ta rufe don haske ya shiga ta daina motsi, a buɗe take. Hoton ya fito a tsakiya sosai, gefe-gefe ya yi laushi.

"Wannan da murfi ake aiki da shi," in ji Ba'ana. "Ki cire murfin, ki ce ɗaya, biyu, ki mayar. Haka muka fara."

Suka koma tabarma. Mu'mina ta kawo ruwa da dabino. Ya tambaye ta me za ta yi da kyamarar a wannan zamanin, ta ba shi labarin gwangwanin biskit da tsofaffin ƙauyensu. Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya tambayi abin da ke hannunta, ta faɗa masa, ta kuma ce dole ta rage wani abu na fim da maganin wanki.

"Ɗauki," ya ce. "Da idanun duka biyu. Gara tana hannun mai aiki."

Mu'mina ta sunkuyar da kai, tana jujjuya ƙwallon dabino a tafin hannunta. Can ta ce da Barbarci wani abu gajere, uban ya amsa da kaifi. Ketura ba ta jin yaren sosai, amma ta tsinci kalmar asibiti. Ta dubi Mu'mina.

"Aikin ido ne, Yaya," in ji Mu'mina da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Likita ya ce in an cire yanar zai gani. Shekara biyu muna cewa wata mai zuwa. Amma kayansa ne."

Ketura ta kalli idon mai zoben tagulla yana ƙyalli a kan zanen. An riga an ba ta. In ta yi shiru ta miƙa kuɗin, ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Ta tuna lallen hannun Mu'mina a gilashin, ta san ba za ta ƙara samun irin wannan ido ba har ta mutu. Bayanta yana zogi, ga tafiyar keke biyu tana jiranta.

"Baba, ƙaramin zan ɗauka," ta ce. "Babban ya fi ƙarfina. Oga Ejiofor ya faɗa mini abin da aka taya shi. Mu'mina ta kai masa."

"Na gaya wa Ejiofor ba na raba su."

"Ka ce ba za ka bar akwati makaho a ɗaki ba. Yanzu ba a ɗaki za ta zauna ba, kuma da idonta za ta tafi."

Ya laluba ya ɗauki babban idon, ya riƙe shi a tafin hannu, yana shafa zoben da babban yatsa. Ya daɗe. Sai ya miƙa shi gefen da 'yarsa take ba tare da ya juya ba.

"Ɗaya, biyu a inuwa," ya ce wa Ketura. "In hadari ne, ki kai huɗu. Kuma ki ce su ja numfashi su riƙe."

Gyaran ya ci mata sati guda. Ta yi facin hujin goma sha ɗaya, ta gwada da tocila, biyu suka sake buɗewa, ta sake. Fim ɗin irin wannan kyamara babu shi a garin, sai Ejiofor ya haɗa ta da mai sayar da kayan asibiti, ta sayi kwali ɗaya na fim ɗin hoton ƙashi da maganin wankinsa. Ta toshe tagar shagon da kwali, ta rataya jan ƙwan fitila, tana yanka kowane fim gida huɗu da reza da rula. Warin laka bai gama fita daga bangon ba.

Ta fara da surukarta, Kaka Rebeka, mahaifiyar Pindar, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙauyen, wadda ke zaune tare da su. Tsohuwar ta sa zanen zumuntar mata, ta zauna a kujera a inuwar katanga tana mita, wai an hana ta tsince wakenta. Na farko ya fito baƙi ƙirin, Ketura ta manta ta mayar da murfi kafin ta zare marufin gidan fim. Na biyu ya fito babu komai, ta manta ta zare shi gaba ɗaya. Washegari na uku ya fito da Kaka Rebeka mai kai biyu, domin ta juya ta kori kaza. Na huɗu ya karce a cikin roba.

Ranar Asabar Pindar yana gida. Ya ga matarsa ta fito daga shagon ta zauna a bakin ƙofa ta haɗa kai da gwiwa. Bai ambaci firiza ba. Ya je ya lallashi uwarsa da yarensu ta sake ɗaura zanen, ya tsaya a bayan kyamarar yana danne ƙusar nan mai santsi da yatsa.

"Mama, ja numfashi ki riƙe," in ji Ketura. Ta cire murfin. "Ɗaya. Biyu."

Wannan ya fito. Ta kai negetif ɗin shagon wata abokiyar sana'arta da ruwa bai kai ba, aka juya shi aka buga a takarda. Katangar da ke gefe ta yi laushi kamar hayaƙi, amma fuskar tana nan daram, kowace tsaga da kowane tamoji, da ƙaramin tabon da ke ƙasan ido.

Da la'asar ta kawo wa tsohuwar. Kaka Rebeka ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta nisantar da shi, ta matso da shi.

"Wannan ai uwata ce," ta ce.

"Ke ce, Mama."

"Na san ni ce. Amma uwata ce." Ta ƙara dubawa. "Ɗaurin ɗankwalin ya karkace, ba wanda ya faɗa mini."

Ba ta mayar da hoton ba. Ta tura shi ƙarƙashin faifan waken, ta ci gaba da tsinta. Ketura ta zauna kusa da ita a tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta jingina da katanga.

"Gobe bayan sujada ki je wurin tsoho Yoila na ƙauyenmu," in ji tsohuwar, idonta a kan waken. "Tun Laraba yake kwance, ba ya cin abinci. Ki fara da shi. Amma ki ce matarsa ta aske masa gemu tukuna, ba zai so a gan shi haka ba."

"To, Mama."

Pindar ya leƙo daga ɗaki ya ce zai ɗaukar mata ƙafafun kyamarar, tunda gidan Yoila keke ba ya shiga. Ba ta amsa ba. Ya ƙara leƙowa, ya ga barci ya ɗauke ta a zaune, bakinta a ɗan buɗe, yatsunta sun yi rawaya da maganin wanki.